Daga sansani zuwa jami'a: yadda ɗan gudun hijira zai nemi kuɗin karatu a Nijar, Kamaru da Chadi

Shekaru kaɗan da suka wuce, cikin matasa 'yan gudun hijira 100 a duniya, 1 ne kacal ke samun shiga jami'a ko wata babbar makaranta. Zuwa 2023 adadin ya kai 7, kuma burin hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, wadda a Nijar da Kamaru da Chadi aka fi sani da HCR, shi ne ya kai 15 kafin 2030. Ma'ana ƙofar ta fara buɗewa, amma har yanzu ƙarama ce, masu tururuwa a bakinta kuma suna da yawa.

Wannan jagora na matasan da suka tsallaka iyaka ne: 'yan Borno da Yobe da ke Diffa da sansanin Sayam Forage, 'yan Sakkwato da Zamfara da Katsina da rikicin 'yan bindiga ya koro zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019, mazauna sansanin Minawao da ke kusa da Mokolo a Kamaru, na sansanin Dar es Salam kusa da Baga Sola a Chadi, da kuma 'yan Sudan da ke gabashin Chadi. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, yawancin masu neman tallafin karatu ba rashin ƙoƙari ke kayar da su ba. Takarda ke kayar da su, tun kafin kowa ya duba makinsu. Shi ya sa zancen kuɗi zai zo a baya, takardu a gaba.

Mataki na 1: Tabbatar da matsayinka

Akwai wanda rikici ya raba da garinsu amma bai bar ƙasarsa ba, kamar mutumin Bama da ke zaune a Maiduguri. Akwai kuma wanda ya tsallaka zuwa wata ƙasa aka yi masa rajista. Tallafin da za mu yi magana a kansa yawanci na wannan na biyun ne. Ɗan Nijar da ya yi shekaru yana zaune a Malam Fatori ko Damasak, rikici ya dawo da shi Diffa, shi ma ba ɗan gudun hijira ba ne a idon doka, ɗan ƙasa ne da ya komo gida, hanyarsa ita ce hukumar ANAB da ke ba ɗaliban Nijar alawus. Gara ka san layin da kake tun yanzu, kada ka ɓata shekara a layin wasu.

Kowace ƙasa da hukumar da ke kula da wannan matsayi tare da HCR. A Nijar akwai hukumar tantance 'yan gudun hijira ta CNE, a Chadi akwai CNARR, a Kamaru kuma lamarin yana ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje. Ka ɗauko katinka ko takardar shaidar iyalinku ka duba abu biyu: wa'adinta bai ƙare ba, kuma sunanka na ciki. Yara da yawa sun shigo suna ƙanana aka rubuta su a ƙarƙashin mahaifiya ko kawu, suka girma ba su taɓa neman katin kansu ba. In ka cika shekara 18, je ka nemi naka. Sabunta kati kan ɗauki lokaci, kuma ba za a tsawaita ranar rufe karɓar fom saboda kai ba.

Wani gargaɗi da ya kamata a faɗa da babbar murya: kada ka koma ƙasarku ɗauko takardu, ko ka je ofishin jakadancinta neman fasfo, ba tare da ka fara shawartar jami'in kariya na HCR ba. A ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira, wanda da ra'ayin kansa ya koma ƙarƙashin kariyar ƙasarsa yana iya rasa matsayinsa. Na san mutanen kan iyaka suna shiga da fita kullum don kasuwa da zumunci, amma abin da ya shiga rubuce a fayil daban ne.

Mataki na 2: Suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya

Nan ne ake yawan faɗuwa, don haka zan ɗan jima a kai.

Ma'aikacin da ya yi maka rajista a Nijar ko Chadi da rubutun Faransanci ya saba. Ka ce masa Abubakar, ya rubuta Aboubacar ko Boubacar. Ka ce Muhammadu, ya rubuta Mahamadou. Usman ya koma Ousmane, Hauwa ta koma Haoua. A takardar jarrabawar kammala sakandare ta WAEC kuma sunan yana nan yadda aka rubuta shi a Najeriya, wani lokaci har da sunan gari a ƙarshe maimakon sunan mahaifi. A wurinka duk kai ne. A wurin kwamitin da ke tace ɗaruruwan fayiloli, mutum biyu ne, kuma ba su da lokacin kiran ka su tambaya.

Haka ranar haihuwa. Lokacin rajistar gaggawa, wanda bai zo da takardar haihuwa ba sau da yawa akan sa masa 1 ga Janairu, shekarar kuma a ƙiyasta da ido. In aka ƙara maka shekara biyu ko uku a wannan ƙiyasi, kana iya haure iyakar shekarun tallafi alhali ba ka haure ba.

Ga abin yi. Shimfiɗa duk takardunka wuri ɗaya: katin gudun hijira, takardar haihuwa in akwai, sakamakon firamare da sakandare, katin makaranta. Rubuta kowane bambanci a takarda, ko da harafi ɗaya ne. Sai ka je ofishin rajista ka nemi a gyara bayaninka bisa takardar da ta fi ƙarfi, wadda galibi ita ce ta jarrabawa, don ita ce mai wuyar canzawa. In gyaran bai yiwu ba, nemi wasiƙa mai tambari da ke shaida cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, ka riƙa haɗa kwafinta da kowane fom. Ka yi wannan aikin tun kana ajin ƙarshe na sakandare. Daga nan kuma ka ɗauki hoton kowace takarda, a shimfiɗe, da hasken rana, ka aika wa kanka ta imel. Waya tana ɓata, bukka tana cin wuta, damina tana jiƙa jaka, amma abin da ke imel yana nan. In ba ka da adireshin imel, buɗe shi yau, da sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai ke kiran ka da shi ba.

Mataki na 3: Takardar sakandare da amincewa da ita

In a ƙasar da kake ka yi sakandare, ka huta. Wanda ya ci BAC, jarrabawar kammala sakandare, a Nijar ko Chadi, ko ya ci GCE mataki na sama a Kamaru, takardarsa ta gida ce. Chadi ma ta sauƙaƙa wa 'yan Sudan wannan tun 2014, lokacin da makarantun sansanonin gabas suka koma kan manhajar Chadi, ɗalibansu suka fara zana BAC na ƙasar, wanda ake iya yi da Larabci.

Mai WAEC ko NECO shi ke da sauran aiki. Ƙasashen nan uku ba sa cikin ƙungiyar WAEC, don haka jami'a za ta nemi takardar daidaita shaida, wadda a ofisoshi ake ce wa ekibalans, daga ma'aikatar ilimi mai zurfi ko daga kwamitin jami'ar kanta. Za a so ganin ainihin takardar, da kwafin da hukuma ta buga wa tambari, wani lokaci da fassararta zuwa Faransanci daga mai fassara da kotu ta amince da shi. Kada ka ɗauka cewa kiredit biyar na WAEC kai tsaye daidai suke da BAC a kowane wuri. A Kamaru musamman, tsarin Ingilishi yana da mataki biyu, na ƙasa da na sama, kuma jami'a na sama take nema. Tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai tun da wuri matsayin da suke ba takardarka, don in sai ka ƙara zama jarrabawa, ka sani da sauran lokaci.

Wanda takardarsa ta ƙone ko ta salwanta a hanyar gudu kada ya yanke ƙauna. Tun 2022 WAEC ta buɗe shafin intanet da ake ciro kwafin shaida na lantarki, ga waɗanda suka zana daga 1999 zuwa yau. Abin da ake buƙata shi ne lambar jarrabawarka da shekarar da ka zana, sai ɗan kuɗi kaɗan. In ka manta lambar, nemi tsohon ɗan ajinku ko malaminku, domin lambobin 'yan cibiya ɗaya farkonsu ɗaya ne. Bayan wannan, yarjejeniyar Addis Ababa ta 2014 kan amincewa da takardun manyan makarantu a Afirka ta tanadi cewa a samar wa 'yan gudun hijira hanyar tantance iliminsu ko da takardunsu ba su cika ba. Aiwatarwa tana tafiyar hawainiya, amma ambatonta a wasiƙarka yana nuna ka san haƙƙinka.

Mataki na 4: Harshe

Jami'o'in gwamnati a Nijar da Faransanci suke koyarwa: Abdou Moumouni a Yamai, Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, André Salifou a Damagaram, Djibo Hamani a Tawa, da ta Diffa. Hausa da Barbarci za su kai ka kasuwa da asibiti lafiya lau, amma ba za su rubuta maka jarrabawar lissafi ba. Faransancin tasha ma ba zai yi ba. Wanda ya taso da Ingilishi ya ware wa kansa aƙalla shekara guda ta koyon karatu da rubutu na gaske. Wannan shekarar ba asara ba ce, domin tallafin da za ka samu sai kana cin jarrabawa ake sabunta shi.

A Kamaru akwai zaɓi: jami'o'in Buea da Bamenda da Ingilishi suke, sai dai yankunansu na fama da rikici tun 2016 kuma suna da nisa ƙwarai daga Minawao. Jami'ar Marwa ita ce ta kusa, a nan kuma Faransanci ya fi rinjaye a aji. Mai Larabci ya duba Jami'ar Musulunci da ke Say a Nijar, da Jami'ar Sarki Faisal a Injamena, da sassan Larabci na Jami'ar Adam Barka a Abeche.

Mataki na 5: Nemi a caje ka kuɗin ɗan ƙasa

Wannan shi ne tallafin da ba a yi wa talla, kuma a ganina shi ya fi kowanne isa ga jama'a, don ba gasa a cikinsa.

Jami'o'i da yawa suna da farashi biyu, na ɗan ƙasa da na baƙo, kuma na baƙo kan ninka sau da yawa. A Kamaru ɗan ƙasa yana biyan sefa 50,000 a shekara a jami'ar gwamnati, wato jaka 50. Dokar 'yan gudun hijira ta ƙasar, ta watan Yulin 2005, ta ce a yi wa ɗan gudun hijira daidai da ɗan ƙasa wajen samun ilimi da kuɗin rajistar makaranta da jami'a. Nijar tana da tata dokar tun 1997, Chadi ta yi tata a Disamban 2020, kuma duka sun amince da haƙƙin ilimi. Matsalar ita ce magatakardan da ke bayan taga ba lallai ya san da wannan ba. Ya ga an rubuta Najeriya ko Sudan a gurbin ƙasa, sai ya miƙo maka takardar biyan kuɗin baƙi.

Kada ka yi masa gardama a taga, kuma kada ka biya. Abin da ka riga ka zuba a asusun jami'a da wuya ya dawo. Koma wurin jami'in ilimi na HCR ko ƙungiyar da ke aiki da su, ka nemi wasiƙa zuwa ga shugaban sashen rajistar ɗalibai, mai bayyana matsayinka da neman a yi maka farashin 'yan ƙasa. Kai ta da kanka, ka riƙe kwafi mai tambarin karɓa. Da wannan wasiƙar ka nemi ɗakin kwana da katin cin abinci a hukumar jin daɗin ɗalibai, wadda a Nijar ake kira CROU. Abincin jami'a da ɗakinta sun fi na gari araha nesa ba kusa ba, ko da yake ɗakunan ba sa isa, sai ka yi sammako.

Mataki na 6: Gurbin karatu da zaɓen fanni

Masu ba da tallafi yawanci suna son ganin takardar shaidar cewa wata makaranta ta ɗauke ka, ko aƙalla ka nema. Saboda haka neman gurbi da neman kuɗi tare suke tafiya. A ƙasashen nan uku ana zana BAC a wajajen Yuni da Yuli, shekarar karatu kuma a takarda tana farawa wajajen Oktoba, ko da yake yajin aiki kan jirkita ta. Watannin da ke tsakani su ne lokacin zirga-zirgarka.

Tsarinsu shi ne digirin farko, lisans, shekara 3, sai masta shekara 2. Manyan makarantun horar da malamai da injiniyoyi da likitoci a Kamaru sai an ci jarrabawar shiga ta musamman, konkur, wadda ke da nata kuɗin da nata iyakar shekaru.

Game da fanni, zan faɗi ra'ayina ko da ba zai yi wa kowa daɗi ba. Kusan kowane yaro mai ƙoƙari likita yake so ya zama. Karatun likita yana cin shekara bakwai ko fiye, tallafi kuma galibi na shekara uku zuwa huɗu ne. In ba a ba ka tabbaci a rubuce cewa za a ɗauke ka har ƙarshe ba, ka yi tunani sau biyu. Jinya, ungozoma, gwaje-gwajen asibiti, koyarwa, noma da kiwo, lissafin kuɗi, kwamfuta, ruwa da tsafta, duk fannoni ne da ake gamawa cikin wa'adi, kuma ana neman masu su a inda kake da kuma gida in an koma. Shari'a kuwa, ka tuna dokar Nijar da Chadi ta samo asali daga tsarin Faransa, wanda ya karanta ta ba zai tsaya gaban kotun Najeriya haka kawai ba. Ka kuma tabbatar gwamnati ta amince da makarantar, musamman masu zaman kansu da suka cika gari, in so samu ne takardarsu tana da amincewar CAMES, hukumar da ke kula da ingancin manyan makarantu a ƙasashen Afirka masu Faransanci.

Mataki na 7: Tallafin DAFI

DAFI shi ne babban tallafin da aka ware wa 'yan gudun hijira don su yi karatu a ƙasar da suka samu mafaka. Gwamnatin Jamus ta kafa shi a 1992, aka sa masa sunan Albert Einstein, wanda shi ma gudun hijira ya raba shi da Jamus a 1933. HCR ke gudanar da shi, kuma tun kafuwarsa ya ɗauki nauyin ɗalibai sama da 26,000 a ƙasashe fiye da 50. Yana biyan kuɗin makaranta da rajista, yana ba da alawus na littattafai, abinci, masauki da mota. Ba bashi ba ne, ba a biya daga baya.

Sharuɗɗan da aka saba gani su ne: kana da matsayin ɗan gudun hijira tabbatacce, ka gama sakandare da sakamako mai kyau, ba ka da halin biya wa kanka, shekarunka ba su wuce 28 ba lokacin fara karatu, ka iya harshen koyarwa, ba ka kan hanyar a kai ka wata ƙasa ta uku ka zauna, kuma galibi mutum ɗaya ake ɗauka a iyali. Wannan na ƙarshen yana buƙatar zama a gida. In ku biyu ne kuka cancanta, ku duba wanda shekaru suka fi ƙure wa da wanda makinsa ya fi, kada a zaɓi namiji kawai don shi namiji ne. Shirin yana ƙoƙarin kai mata rabin adadin ɗalibansa, a 'yan shekarun nan sun haura kashi 40 cikin 100, kuma a yankunanmu mata masu nema ba su da yawa. Ke 'yar'uwa da ke da sakamako, damarki ta fi yadda kike zato. Aure ko goyo ba su cikin abubuwan da ke hana nema.

Sanarwar buɗe nema kowace ƙasa da lokacinta. Ana manna ta a allon ofishin HCR da na ƙungiyar da ke kula da ilimi, ana ba shugabannin al'umma, ana kuma sa ta a shafukan HCR na intanet. Wa'adin kan zama gajere, mako biyu ko uku. Ka sani kuma cewa kuɗin agaji na duniya ya ragu sosai a 2025 bayan Amurka da wasu ƙasashe sun zabtare gudummawarsu, don haka akwai yiwuwar wata shekarar a ɗauki kaɗan ko a ƙi buɗewa gaba ɗaya. Fayil ɗinka ya zauna a shirye cikin jaka: fom, kwafin kati, sakamako, ekibalans, takardar gurbi, hotuna, da wasiƙa.

Wasiƙar nan, ta bayyana dalilin nema, ita ce wurin da kake da iko. Kowa a cikin masu nema ya ga tashin hankali, kowa ya yi asara. In ka cika shafi da labarin daren da aka kawo hari, ka faɗi abin da kwamiti ya karanta sau ɗari a ranar. Layi biyu ko uku sun isa a kan haka. Sauran ka ba su abin da ka yi da hannunka tun zuwanka: ka koyar da yara a makarantar sansani, kin taimaka a asibiti ranar awo, ka yi tafinta, kin haɗa ƙungiyar karatu ta 'yan mata. Faɗi wurin, faɗi tsawon lokacin, faɗi wanda zai shaida. Sannan ka haɗa fannin da ka zaɓa da wata matsala da ka gani da idonka. Wanda ya ce zai karanta harkar ruwa saboda rijiyoyin burtsatsen unguwarsu suna lalacewa a rasa mai gyara, ya fi wanda ya ce yana so ya taimaki al'umma. Shafi ɗaya ya wadatar. Ka rubuta da kanka, ka ba malami ya gyara nahawu. Kada ka kwafi ta aboki, don fayilolinku teburi ɗaya za su hau.

In ka tsallake tacewar farko za a kira ka ganawa. A kwamitin akan samu wakilan HCR, na ƙungiyar da ke gudanarwa, na ma'aikatar ilimi ko jami'a, wani lokaci da na ofishin jakadancin Jamus. Je da ainihin takardunka. Za su gwada harshenka, su tambaye ka abin da ka sani game da fannin, da abin da za ka yi in ba ka samu ba. Amsar wannan ta ƙarshen kada ta zama kuka. Faɗi shirinka na biyu. Game da halin gidanku kuma ka faɗi gaskiya, domin bayananku na nan a kwamfutarsu, wani lokaci har gida ake zuwa dubawa.

Ba a biyan ko dala don fom, ko don a sa sunanka a jeri. Duk ayyukan HCR kyauta ne. Wanda ya ce ka kawo wani abu zai shigar da kai, ko da yana sanye da rigar ma'aikata, ka kai rahotonsa ta akwatin ƙorafi ko wurin jami'in kariya.

Mataki na 8: Lissafi da sauran hanyoyi

Ko ka samu ko ba ka samu ba, zauna da biro ka fitar da kuɗin shekara: rajista, haya, abinci, mota daga sansani zuwa garin jami'a da komowa hutu, kwafin darussa, katin waya da intanet, magani. Ɗaliban da suka riga ka su za su faɗa maka farashin gaskiya, kuma a mafi yawan ƙasashe ɗaliban DAFI suna da ƙungiyarsu, nemi lambar shugabansu a ofis. Abin da za su fara gaya maka shi ne alawus yakan makara, musamman zangon farko. Ka tanadi abin da zai riƙe ka wata biyu, ko adashe ne iyali za su shiga saboda haka. Ka kuma yi magana da mutanen gida tun kafin tafiya cewa alawus ɗin an auna shi ne daidai cikin mutum ɗaya. Ɗalibai da yawa suna raba shi biyu su aika gida, su ƙare da yunwa da faɗuwa jarrabawa, a ƙarshe a yi biyu babu.

Bayan DAFI akwai shirin tallafin Mastercard Foundation, wanda ya yi alƙawarin ware kashi 25 cikin 100 na sababbin gurabensa ga 'yan gudun hijira da waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Shi ta jami'o'in da ke cikin shirin ake nema kai tsaye, irin su Ashesi da KNUST a Ghana, Abomey-Calavi a Benin, da cibiyar 2iE a Wagadugu, don haka sai da takardar tafiya ta 'yan gudun hijira, wadda ƙasar mafaka ke bayarwa. Ga wanda ba zai iya barin iyali ba, akwai karatu ta intanet: University of the People ba ta karɓar kuɗin koyarwa sai na jarrabawa, kuma tana yafe wa wasu 'yan gudun hijira shi, shafukan koyarwa na Kiron da Coursera ma suna da darussa kyauta gare su. Sai dai a yi hattara, shaidar kammala gajeren darasi ba digiri ba ce, kuma karatun intanet ba ya yiwuwa sai da wuta da sabis tsayayye. Shirye-shiryen fita waje kamar UNICORE na Italiya, da aka fara a 2019, da UNIV'R na Faransa, na masu digirin farko ne da ke neman masta. Ka ajiye su a rai don gaba, su ma dalili ne na riƙe maki mai kyau tun daga shekarar farko.

Kada a raina na kusa. Shugaban jami'a yana da ikon rage kuɗi ko yarda a biya kashi-kashi in an rubuta masa. Kwamitocin zakka, majami'u, ƙungiyoyin 'yan kasuwar garinku da ke zaune a Maraɗi ko Marwa ko Injamena, duk sukan ɗauki nauyin rajistar ɗalibi in ya zo da takardar gurbi a hannu da adadi bayyananne. Wanda ya ce a taimaka masa da jaka 50 na rajista, ga rasit zai kawo, ya fi samun amsa a kan wanda ya ce a taimaka masa ya yi karatu.

Mataki na 9: Bayan an samu, ko an rasa

Tallafin shekara-shekara ake sabunta shi. Kai sakamakonka ofis da zarar ya fito, ko ba a tambaya ba. In rashin lafiya ko haihuwa ko rasuwa ta sa za ka rasa jarrabawa, sanar da su a rubuce kafin ranar, ba bayanta ba. Kada ka canza fanni ko makaranta sai da izini. Kowane rasit ka adana.

Maganar komawa gida ma tana iya tasowa kana tsakiyar karatu, kamar yadda aka riƙa kwashe wasu mazauna Minawao zuwa Borno bisa yarjejeniyar da Najeriya da Kamaru da HCR suka sa wa hannu a 2017. In iyalinku za su bi ayari, je ofis kafin a rufe fayil ɗin gidanku, ka nemi a ware naka don ka ci gaba da zama har ka gama. In kuma ka zaɓi komawa, karɓi cikakken bayanin makinka mai tambari kafin ka tashi. A Najeriya za ka koma layin 'yan ƙasa ne: JAMB, tallafin jiharku, da bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati.

Wanda bai samu ba a karon farko ya nemi jin dalili, cikin ladabi. In takarda ce, a gyara. In harshe ne, a koma aji. In kuwa gurabe ne suka yi kaɗan, kuma ka iya haɗa kuɗin rajista a farashin ɗan ƙasa, ka shiga jami'ar ka fara. A wurare da dama ana karɓar nema daga waɗanda suka riga suka fara karatu, kuma sakamakon shekarar farko mai kyau hujja ce da ta fi kowace wasiƙa ƙarfi a gaban kwamiti. Ka tambayi jami'in ilimi ko haka dokar take a ƙasar da kake, sannan ka lissafa sauran shekarun da suka rage maka kafin ka cika 28.